Ta yaya zan koyar da lissafin siffofi a ƙaramar sakandare ba tare da ɗalibai sun gundura ba?

Malamar lissafi, aji biyu na ƙaramar sakandare:

Assalamu alaikum. Shekarata ta biyu ke nan ina koyarwa, kuma babin da ya fi ba ni wahala shi ne na jometiri, wato lissafin siffofi da kusurwoyi. Ɗalibaina sun haura saba'in, akwatin kayan lissafi kuwa bai fi mutum goma ke da shi ba. Idan na rubuta a allo cewa jimillar kusurwoyin alwatika digiri 180 ce, sukan haddace su maimaita mini babu kuskure, amma da zarar na juya alwatikar ta tsaya a kan tsininta, sai ajin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Wata yarinya mai ƙoƙari ta ce mini wannan ba alwatika ba ce, tunda ba ta zauna ba. Maganarta ta tsaya mini a rai. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki: waɗanne kayan koyarwa ne masu sauƙin samu za su sa yara su fahimci abin da suke haddacewa?

Malami mai ritaya:

Wa alaikumus salam, Malama. Yarinyar nan ta nuna miki inda ciwon yake, domin alwatika ɗaya tak ta taɓa gani, wadda ake zanawa a allo kullum da gindinta a ƙasa. Ki sa kowane ɗalibi ya yanko tasa daga tsohuwar takarda, wani doguwa, wani gajera, wani mai karkata. Su ɗiga alama a kowace kusurwa, sannan su yage kusurwoyin uku da hannu. Kada su yanke da almakashi, saboda yankan almakashi yana haifar da sababbin kusurwoyi masu rikitar da yaro, ita kuwa yaga tana barin gefe mai kaushi wanda ba za a ɗauke shi kusurwa ba. Idan suka haɗa tsinin ukun a bakin rula, za su ga sun kwanta a miƙaƙƙen layi. A nan yawan ɗalibanki ya zama alheri, domin alwatika saba'in mabambanta duk sun ba da amsa ɗaya.

Ga da'ira kuma, ki ce su zo da faifai, murfin tukunya da gwangwanin madara. Su zagaye bakin abin da zare, su auna zaren a rula, su auna faɗin abin ta tsakiya, sannan su raba na farko da na biyu. Faifan da faɗinsa santimita 35 ne, zarensa zai kai kusan 110. Wani zai samu 3.1, wani 3.2, kuma ki rubuta duka a allo kafin ki ambaci 22/7, wato adadin da ake kira pi. Na shekara da yawa ina yin haka, ban taɓa ganin ajin da bai yi mamaki ba.

Mai sana'ar gini, uban ɗalibai biyu:

Malama, ni ba malami ba ne, amma aikinmu bai rabu da abin da kike koyarwa. Idan za mu fitar da harsashin ɗaki, mukan kafa turke, mu auna ƙafa uku a igiya ɗaya, ƙafa huɗu a ɗayar, sannan mu yi ta gyara har sai tsakanin alamomin biyu ya zama ƙafa biyar daidai. A nan ne muke cewa kwanar ta yi sukwaya, wato digiri 90. Na daɗe ina yi kafin ɗana ya nuna mini a littafinsa cewa ƙa'idar Fitagoras ce, wato 9 (uku sau uku) da 16 (huɗu sau huɗu) su ba da 25 (biyar sau biyar). Ki samu igiya ki ƙulla ta gida goma sha biyu masu tsawo ɗaya, ki haɗa bakinta, yara uku su riƙe ta a filin makaranta, ɗaya gefen gida uku, ɗaya huɗu, ɗaya biyar. Idan akwai magini kusa da ku, ki roƙe shi ya zo ya nuna musu da kansa.

Malamin lissafi a babbar sakandare:

Na yarda da shawarar Baba mai ritaya, sai dai ina da jan hankali guda, domin mu ne muke karɓar yaran nan bayan sun bar hannunku. Yage takarda yana nuna cewa abin haka yake, amma bai bayyana dalilinsa ba. Bayan sun gani da idonsu, ki zana layi ta saman alwatikar wanda yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da gindinta, ki nuna musu kusurwoyin da suke daidai da juna, su ga inda 180 ɗin ta fito. Kuma kada a tashi darasin sai sun warware tambaya biyu ko uku a littafi, saboda a zauren jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare, babu faifai babu igiya.

Akwai kuma aikin inuwa, wanda nake matuƙar so. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya da hantsi; idan inuwarta mita ɗaya da rabi ce, ta bishiyar dalbejiya kuma mita 12, to bishiyar mita 8 ce, ba tare da kowa ya hau ta ba. Yaranmu ba baƙin wannan tunani ba ne, tunda a Islamiyya an koya musu gane shigar la'asar da tsawon inuwa. Idan kina da wayar zamani, manhajar GeoGebra kyauta ce, kuma za ki iya jan kusurwar alwatika da yatsa, lambobin suna canzawa, jimillarsu tana nan a 180. Amma waya ɗaya ba ta wadatar da mutum saba'in, don haka rukuni-rukuni za ki riƙa kiransu.

Malamar lissafi, aji biyu na ƙaramar sakandare:

Allah ya saka muku da alheri. Jiya na gwada yage kusurwoyin, kuma yarinyar nan da kanta ta yanko alwatika mai tsayi siririya don ta ga ko tata za ta saɓa, sai ta ga ba ta saɓa ba. Sai dai rabon takarda da yanka sun cinye kusan rabin minti arba'in na darasin, ban kai ga zana layin da Malam ya ambata ba. Baba, shin ya fi kyau in sa su yanko daga gida, ko kuwa yankan a aji yana cikin abin da ya kamata in sa wa ido?