Masu jinyar karaya a Legas: an taɓa auna ramar majinyacinku?

Abban Sadiq, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya karye a cinya, haɗarin acaba, ana jiran a sa masa ƙarfe. Kullum sai ƙara zubewa yake, amma kowa hoton ƙashi yake dubawa. Waɗanda suka yi irin wannan jinya, akwai wanda ya tambaye ku cimar mara lafiya?

Maman Hanifa, Mile 12: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Mu an tambaye mu, lokacin da aka kwantar da Baba a asibitin ƙashi na Igbobi da karayar ƙugu. Nas ta zagaya masa tef a damtse, ta ce ko tufafinsa sun yi masa yawa a 'yan watannin nan. Gaskiya sun yi, tun kafin ya faɗi ma ya rage cin tuwo saboda haƙora. Ranar aka turo mai kula da abincin marasa lafiya.

Sista, ma'aikaciyar jinya: Yaya Abban Sadiq, ka tambaya da bakinka, haƙƙinka ne. Ɗaya daga cikin ma'aunan rashin isasshen abinci a jikin majinyaci da ake amfani da su shi ne MUST, wanda aka fitar a Birtaniya a 2003, kuma ba ya buƙatar wata na'ura. Ana duba nauyin mutum gwargwadon tsayinsa, da yawan ramar da ya yi cikin wata 3 zuwa 6, da ko ciwo ya hana shi ci fiye da kwana 5, kowanne da makinsa. Wanda ya zubar da sama da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, maki 2 ke nan, ya shiga sahun masu haɗari sosai. Mai karayar cinya ba zai hau sikeli ba, shi ya sa ake auna damtse: ƙasa da santimita 23.5 alamar rama ce. Tsayi kuma ana ƙiyasta shi daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Dalilin duk wannan, jikin da ya karye yana ƙone naman kansa, kuma ramammen majinyaci ya fi saurin samun gyambon kwanciya da ruɓar ɗinki.

Tsohon ɗan acaba, Alaba Rago: Ni wurin mai ɗori aka fara kai ni. Aka hana ni ƙwai da gyaɗa, wai suna sa ciwo ya yi ruwa. Koko da biredi, safe da dare! Da na koma asibiti aka gwada jini, aka ce albumin, wani sinadarin furotin da ke cikin jini, ya yi ƙasa, sai da na murmure aka yi aikin. Sigari ma likita ya hana ni, ya ce yana jinkirta haɗewar ƙashi.

Hajiya, Obalende: Ni ƙiba ce ta ruɗe mu. Yayata mai jiki ce, kowa ya ce ai tana da ajiya. Ashe loma biyu take ta ture kwano. Ga tsadar nama, sai muka koma wake, awara, kifi, da nono idan an samu.

Sista: Hajiya, haka ne, mai ƙiba ma ana auna shi. Sai dai mai ciwon ƙoda ko suga, kar a ɗura masa wake da madara sai likita ya tsara adadin.