"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba": har da baƙin cikin mutum na kansa?

Manomin fadama, Argungu:
Assalamu alaikum. Ina neman a warware mini wata karin magana da ta tsaya mini a rai. Daminar da ta wuce ruwa ya shanye mini shinkafa ana saura kwanaki kaɗan a yanke ta, ga bashin taki a wuyana. Na dawo gida da laka har gwiwa, na zauna a zaure na fara gaya wa Baba halin da nake ciki, muryata na rawa. Bai bari na kai aya ba, ya ce, "Kai, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na ja bakina. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Sai na koma ɗauko wani tsohon littafin makarantar ƙanena bayan isha'i, ina rubuta baitoci a kan ruwan da gonar. Ba wanda ya taɓa gani. In na rubuta nakan ji ƙirjina ya yi sakayau, amma kuma sai in ji kamar na saɓa wa Baba. Karin maganar nan ta haɗa da damuwar mutum ta kansa?

Dattijo, Jega:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah shi mayar maka da alheri. Mahaifinka bai yi kuskure ba, mu ma haka anka tashe mu. Zaure wurin shigar kowa ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ka ba labarin bashinka yau yana girgiza kai don tausayi, gobe in ka fita neman aure shi zai riga ka isa gidan. A ambaliyar 2020 gonakin shinkafa nawa ruwa ya ci a Kebbi? Mun ga waɗanda sunka danne zuciyarsu sunka koma noman rani, kuma Allah bai bar su ba.

Malamar Islamiyya, Birnin Kebbi:
Baba, a gafarce ni, ina ganin an ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Inda na san ana faɗinta shi ne ga mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa: an ba shi amanar sirri da safe, kafin azahar unguwa ta ji. Wannan shi ake tuna wa cewa ciki ma'ajiya ce. Shi kuwa ɗan'uwanmu ba sirrin kowa ya tona ba, ciwonsa ya kai wa mahaifinsa. Kuma Bahaushen da ya faɗi waccan shi ne ya ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

A duba Suratu Yusuf. Sau biyu Annabi Yaƙubu (AS) ya ambaci haƙuri mai kyau, a aya ta 18 da ta 83. Amma a ta 84 an gaya mana idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, a ta 86 kuma ya ce yana kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah.

Dattijo, Jega:
Ga Allah ya kai, Malama. Ga Allah.

Malamar Islamiyya, Birnin Kebbi:
Haka ne, Baba, amma a gaban 'ya'yansa ya furta, suna ji. Kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) zai rasu, hawaye sun zubo masa a gaban sahabbai, har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki. Ya ce masa wannan rahama ce. Ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da zargin ƙaddara.

Ɗalibi, Gwandu:
Yaya, ni batun baitocin ne ya taɓa ni, don na ji kamar kana jin kunyarsu. A ƙasar nan tamu? Malam Abdullahin Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ga an kashe abokansa da ɗalibai a yaƙin Alwasa a 1805, nan kusa da mu, kuma waƙa ya zuba baƙin cikinsa a ciki, yana ambaton waɗanda ya rasa. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya da ya rasu a 1837. Wa zai buɗe baki ya ce waɗannan ba su san haƙuri ba? Ka ci gaba da rubutunka, don Allah.

Gwaggo, Yauri:
Ku duk kun tafi littafi, ni bari in kai ku tsakar gida. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Amma in ranta ya ɓaci, da asuba za ka ji ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ta zuba gero, ta fara waƙa ƙasa-ƙasa. Ba ta kiran suna. Tana tura ɗan dutsen tana rerawa, wani lokaci hawaye na ɗiga a bayan hannunta, ta goge da gefen zane ta ci gaba. Kafin garin ya cika faifai muryarta ta washe, ta tashi ta hura wuta. Kowa a gidan ya ji, wanda aka yi domin shi ma ya ji, kuma ba a yi faɗa ba. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Yanzu injin niƙa ya karɓe dutsen, ya tafi da waƙar, sai ka ga yarinya ta ƙule a ɗaki da waya tana ta ramewa, ana cewa ai mai haƙuri ce. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Sai dai, Malama, kada mu yar da maganar Baban Jega gaba ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gaskiya ne, amma ba a tsakiyar kasuwa ake wankan ba. Na ga masu zuba duk abin da ke cikinsu a Facebook, daga baya su yi da-na-sani. Ɗana, ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana.

Ma'aikaciyar jinya, Zuru:
Ƙanena, rashin barcin nan ne ya tsaya mini. In ya haɗu da rashin cin abinci, da jin komai ya fita a ranka, har ya wuce mako biyu, to ciwon damuwa ne ake zargi, kuma yana da magani. Ka je asibiti ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa mana. In abin ya yi tsanani akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. Rubutun yana taimakawa, amma kada ya hana ka zuwa.

Dattijo, Jega:
Ban janye ba a kan zaure. Amma ban ce a hana shi alƙalami ba, kuma zancen asibiti gaskiya ne. Abu guda, ɗana: ka dubi fuskar mahaifinka sa'ad da ya faɗi maganar? Labarin zuciya a tambayi fuska. Wataƙila shi ma da kansa yake, don kada ya karye a gabanka.

Manomin fadama, Argungu:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Baban Jega, wallahi ban duba ba, kaina na ƙasa. Jiya da daddare na karanta wa Inna baiti huɗu a ɗakinta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce in maimaita na ukun, wanda na ambaci zangarniyar da na tsamo daga ruwa ta riga ta fara tsiro. Ita ce ta gaya mini Baba ma ba ya barci tun lokacin, tana jin motsinsa a tsakar gida har kiran assalatu. Asibiti zan je ranar Litinin in sha Allah. Shi Baban ne har yanzu ban san ta inda zan fara masa ba.