Tsohuwar ZBook ko sabuwar kwamfutar wasanni: wacce ta fi dacewa da aikin zane?

Ɗalibi: Assalamu alaikum, malamaina. Ina aji uku a fannin zanen gine-gine, kuma yanzu duk aikinmu ya koma kan manhajojin zane na AutoCAD da Revit. Yayana ya ce kada in kuskura in sayi kwamfutar wasanni, wai mai zane na gaske sai irin su HP ZBook ko Dell Precision, ko da ta hannu ce, domin katin hotonsu, wato sashen da ke sarrafa hoto a kwamfuta, shi ne kaɗai aka ƙera saboda wannan aiki. Kuɗina ɗaya kawai za su iya saya, shi ya sa nake neman shawararku.

Injiniya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina tare da yayanka. Kullum da SolidWorks, manhajar zanen injiniyoyi, nake aiki, kuma kamfanin Dassault Systèmes da ya mallake ta yana fitar da jerin katunan hoton da ya gwada ya amince da su, irin waɗanda NVIDIA, mai ƙera katunan hoto, ta daɗe tana kira Quadro. Katin GeForce na wasanni ba ya cikin jerin, har ma RealView na cikin SolidWorks, mai nuna ƙarfe da ƙyallinsa kamar na zahiri, ba ya kunnuwa da shi. Su ZBook kuma ga ƙwarin jiki, ga sauƙin buɗewa a ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita.

Hajiya mai zanen gini: Injiniya, ban musa maka ba a kan SolidWorks, amma ba ita yaron nan zai yi amfani da ita ba. AutoCAD da Revit sun fi dogara ga saurin sashe ɗaya na furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a yawancin ayyukansu, saboda haka furosesar 2017 irin ta tsohuwar ZBook za ta riƙa jan ƙafa komai darajar katin da ke kusa da ita. Idan kuma ya zo fitar da hoton gini a manhajar Lumion ko Enscape, nan ne katin hoto yake aiki tuƙuru, kuma katin wasanni na RTX 4060 mai gigabayit 8 ya yi wa tsohon Quadro mai gigabayit 4 fintinkau. A ofishinmu na sha juya zanen bene mai hawa huɗu, da tagoginsa da bututun ruwansa, a kan kwamfutar wasanni ba tare da ta tsaya ba. Abin da ya taɓa tsayar da mu shi ne ƙarancin RAM, don haka kada ya sauka ƙasa da gigabayit 16, kuma ya tabbata akwai gurbin kai shi 32.

Mai gyaran kwamfuta: Ranku ya daɗe, ku bar ni in faɗi abin da nake gani a kan teburina. Idan na kwance kwamfuta bayan hunturu, ƙura nake tararwa ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, man da ke kan furosesa ya bushe ya farfashe, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano. Da zarar ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta, ko ta wasanni ce ko ZBook. Sannan duka biyun ba sa ba da cikakken ƙarfinsu a kan batir, kuma cajar ta wasanni takan kai wat 180 ko fiye, abin da mai ƙaramar inbata ya kamata ya lissafa tun kafin ya biya. Game da ta hannu kuwa, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Ya kuma duba harafin ƙarshen lambar furosesar: mai H an yi ta domin aiki mai nauyi, mai U kuwa domin tattalin batir.

Injiniya: Na karɓi maganar shekarun furosesa, Hajiya, ba zan ce ya sayi wadda Windows 11 ba ta hawa ba. Sai dai har yanzu ina ganin ZBook ta hannu mai zubi na 10 ko 11 za ta fi jure yawon aji da jaka fiye da kwamfutar wasanni mai araha, wadda jikinta roba ne.

Hajiya mai zanen gini: A kan juriya ban ja da kai ba, Injiniya. Ɗana, ka sa zanenka mafi nauyi na Revit a filas ka tafi da shi shago, ka roƙi mai kaya ya bari a buɗe shi a kan kowacce da caja a jone, ka yi ta juya ginin har rabin awa kana sauraren fanka, sannan ka dawo ka faɗa mana wadda ta fara rage gudu.