Ɗinke hotuna su zama faffaɗan hoto guda

Da aka tattauna batun, bakin masu ɗaukar hoto ya zo ɗaya: tun wurin ɗauka aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Kowane hoto ya hau kan na kusa da shi da kamar kashi ɗaya bisa uku, don manhaja ta sami wurin kamawa. A saita haske da hannu a bar shi haka, kada sama ta fito dabbare-dabbare. A juya kyamara daga wuri ɗaya, ban da takawa. Mai wucewa kuma a jira shi, kada ya fito sau biyu.

Kan manhaja aka rabu: wasu Photomerge na Photoshop, wasu PTGui. Ni dai Hugin na zaɓa, kyauta ce, sai dai tana son haƙuri.