Ramin tsakuwa za a mayar filotai: nawa gyaran zai ci, kuma wa ke riƙe da kuɗin lamuni?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum. Rami ne mai tsawon mita 200 da faɗin mita 100 a wajen Kano, zurfinsa kamar mita 4, kamfani ya gama ɗibar tsakuwa da burji. A takardun kamfanin an ce gona za a mayar da wurin, yanzu kuma masu filin suna son yanka filotan gidaje. Yaya ake lissafin kuɗin gyara, kuma kuɗin lamunin da kamfanin ya ajiye don gyaran wurin zai isa?

Injiniya Dala:
Wa alaikumussalam Malam. Ba zai isa ba, don gyaran gona daban, gyaran da zai ɗauki gini daban.

Idan gona ce ko kiwo, ba a cike ramin. Gaɓar kawai ake kwantarwa, kowace mita 1 ta zurfi a ba ta mita 3 a kwance, wato mita 12 a naku. Katafila ta yanko rabin sama ta tura ƙasa, kimanin kubik mita 6 a kowace mita ta gefe. Kewayen ramin mita 600 ne, ka ga kubik mita 3,600. Sai a farfasa ƙasan ramin da tayoyin tifa suka danne, a shimfiɗa ƙasar noma mai kaurin santimita 20, kubik mita 4,000 da ɗoriya, a fitar wa ruwa hanya, a shuka ciyawa da bishiyoyi da farkon damina.

Idan gidaje ne, sai an cike shi: 200 sau 100, murabba'in mita 20,000, sau zurfin mita 4, kubik mita 80,000. Ƙasar da aka zubo daga tifa tana raguwa in rola ta danne ta, don haka ka yi lissafin kusan 100,000, lodi 10,000 ke nan na tifa mai ɗaukar kubik mita 10. Kuma ba juyewa kawai ake yi ba. Shimfiɗa-shimfiɗa ake zubawa, kowace santimita 20 zuwa 30, a yayyafa ruwa daidai, rola ta bi, a gwada taurin ya kai kashi 95 cikin ɗari na gwajin Proctor (gwajin iyakar dannuwar ƙasa) kafin a ɗora wata. Wanda ya tura mita 4 a zubi ɗaya, samansa zai yi tauri, cikinsa sako-sako, bayan damina biyu ko uku bango ya tsage daga kusurwar taga, daɓe ya lotsa.

Don Allah kada a yarda a cike shi da shara saboda arha. Tana ruɓewa, ƙasa ta zauna, ga iskar gas, ga gurɓata rijiyoyi. Gidajen da aka ɗora kan kududdufan da aka cike da bola a cikin birni sun ishe mu darasi.

Malam Lauya:
Ta fuskar doka, hukuma biyu za ku fuskanta. Ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, lasisin kwari (wurin haƙar dutse da tsakuwa) daga ofishin rajistar haƙar ma'adinai na Abuja yake fitowa, ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007, wa'adinsa shekara 5, ana sabuntawa. Dokar ta wajabta wa mai lasisi ya gabatar da tsarin kare muhalli da gyaran wuri, ya kuma riƙa zuba kuɗi a asusun gyaran muhalli gwargwadon abin da aka amince a tsarin. To in tsarin ya ce gona, kuɗin gona aka ƙiyasta, kuma iyakar abin da za a kama kamfanin da shi ke nan.

Filin kansa yana ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978. Canza shi zuwa gidaje sai da izinin jiha, shatar filotai da izinin gini kuma sai KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta sa hannu. Ku nemi a gyara tsarin a rubuce tun kamfanin bai kwashe injinansa ba, don in ya miƙa wurin ya tafi, cikon ya dawo wuyan masu fili.

In kamfanin ya yarda zai yi cikon ko wani ɓangarensa, a karɓi garantin banki ko na kamfanin inshora da sunan masu filin. A ƙiyasta shi a kan farashin da wani ɗan kwangila daban zai karɓa, har da kawo injina da mayar da su, a ƙara kashi 10 zuwa 15 na ko-ta-kwana. A saki kuɗin kashi-kashi, kashin ƙarshe sai damina ta wuce a kan aikin.

Safiyo Garba:
Injiniya ya yi lissafi da mita 4, amma rami ba ya zama daidai. A sa safiyo ya auna shi kafin a yi ciniki da kowa, kuma a biya da kubik mitan da aka danne, ba da ƙirgen lodi ba. A duba ko kamfanin ya tara ƙasar saman da ya kankare tun farko. In ya sayar da ita, sai an sayo. Sannan a leƙa ramin a watan Satumba da kuma Maris: in har da rani akwai ruwa a ciki, haƙar ta taɓa ruwan ƙasa, sai an fara zuba dutse da yashi a ƙasa, kuma wannan sashen ya fi dacewa a bar shi tafkin tara ruwan sama, a katange shi saboda yara, a yanka filotan a gefen da ba a haƙa ba.