Daga Windows 10 zuwa 11: waɗanda suka haye, yaya kuka samu can?

Mai Shagon Buga Takardu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shago a Kano, kusa da wata makaranta, muna taifin, fotokofi, cike fom da buga katin biki. Kwamfutocina huɗu ne: uku na tebur da laftof ɗaya, duka na hannu na saye su, duka kuma Windows 10 ne a kansu. Tun da aka wuce 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, yaran shago suka sa ni gaba wai mu koma 11. Ni kuwa ina ganin komai na aiki lafiya, firinta na bugawa, kwastoma ba ya tambayar wane Windows ne a ciki. Ba bayanin talla nake nema ba. Wanda ya canza da hannunsa ya faɗa mini abin da ya gani, daɗi ko wuya.

Injiniyan Beirut Road:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a kai ga maganar riba ko asara, fara duba ko injinan naka za su ɗauka. Windows 11 yana da sharuɗɗa: ram aƙalla giga 4, wurin ajiya giga 64, Secure Boot mai hana baƙuwar manhaja tashi lokacin kunna kwamfuta, da TPM 2.0, wato wani ɗan ɓangaren tsaro da ke ajiye makullan sirri. Sai farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar: in Intel ne daga zubi na 8 zuwa sama, in AMD ne daga Ryzen 2000. Nan ne yawancin kayan Beljiyam da ke hannun mutanenmu suke faɗuwa. Mutum zai ce maka "ai tawa Core i7 ce", ka duba ka ga zubi na 4 ce. Ba sunan i5 ko i7 ake kallo ba, lambar da ke biye da shi ake kallo. In ka ga 6200 ko 7200, zubi na 6 da na 7 ke nan, ba sa ciki. In ka ga 8250, ka tsallake.

Akwai manhajar da Microsoft ya fitar, PC Health Check, sa ta a kowace kwamfuta za ta gaya maka abin da ya rage. Amma kada ka yanke ƙauna don ta ce babu TPM. Na sha karɓar kwamfuta mai ita ya riga ya yi mata kuɗi zai sayar, na shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, na tarar abin a kashe yake kawai. A Intel sunansa PTT, a AMD fTPM. Minti biyu na kunna, ta wuce. Wani bawan Allah har rantsuwa ya sa na yi cewa ba wani abu na ƙara a ciki ba.

Malamar Sakandare:
Ni dai na haye tun bara, kuma alhamdulillahi ban yi nadama ba. Laftof ɗina zubi na 10 ce, saƙon ya zo da kansa, na bar ta a caji bayan isha'i, da asuba na tarar an gama. Takardun jarrabawa, makin ɗalibai, hotunan suna, komai yana inda na bar shi. Kyauta ne tunda Windows 10 ɗin nawa mai lasisi ne.

Abin da ya ɗan dame ni a makon farko sabo ne kawai. Maɓallin Start ya dawo tsakiya, hannuna kuma shekara da shekaru ƙasan hagu ya sani. Ɗana ne ya nuna mini inda ake mayar da shi hagu. Haka in ka danna dama a kan fayil, jerin ya gajarce, kwafi da liƙawa sun zama 'yan hotuna, sai ka ƙara dannawa kafin tsohon jerin ya fito. Amma gaskiya Alhaji, in ka tambaye ni me na ƙaru da shi a aikina, zan yi shiru na ɗan lokaci. Word ɗin nan ne, Excel ɗin nan ne. Abu ɗaya da nake mora shi ne jera tagogi biyu ko uku gefe da gefe lokacin shigar da maki.

Mai Yankan Sitika:
Alhaji, tsaya ka ji tawa kafin ka taɓa kwamfutar da ke haɗe da firintarka. Ina da injin yanka sitika da na gada wurin maigidana, ya girmi wasu yaran shagona. Windows 10 mai bit 32 nake amfani da shi saboda dirayban injin, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, na bit 32 ne kaɗai. Ban san cewa Windows 11 ba shi da bit 32 kwata-kwata ba, 64 ne zalla. Na kai aka goge komai aka sa sabo, na dawo ina murna, na jona injin, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Kwana uku ina neman dirayba a intanet, ga aikin allon wani shago na karɓi kuɗin kafin alƙalami. Ƙarshe da kunya na koma aka mayar mini da Windows 10 ɗin. Laifina ne, ban tambaya ba.

Yanzu abin da na yi: waccan kwamfutar na cire ta daga intanet gaba ɗaya, aikinta yanka kawai. Zane a wata nake yi, in ɗauko a filasha. Duk abin da kake cin abinci da shi, firinta ne, sikana ce, injin katin shaida ne, ka tabbatar yana da dirayban 11 tukuna.

Baba Ɗan Fansho:
Ku yara kuna da ɗaukar wa kai. Ni har gobe Windows 7 ne a tawa, kuma ba ta taɓa ce mini uffan ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniyan Beirut Road:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma in tambaya: kana shiga banki ko imel da ita?

Baba Ɗan Fansho:
Imel dai nakan duba. Banki a waya nake yi. Sauran karatu ne da sauraron tafsiri.

Injiniyan Beirut Road:
To Baba ko imel ɗin ma a mayar da shi waya. Windows 7 tun Janairun 2020 aka daina toshe masa ƙofofi, Chrome ma a lamba 109 ya tsaya masa a farkon 2023. Daina tallafi ba ya nufin kwamfuta za ta mutu, shi ya sa mutane ke raina abin. Gida ne da mai gadi ya tafi: ɗakuna na nan, fanka na juyawa, amma duk ramin da ɓarawo ya gano daga yau ba mai liƙe shi. Abin da ya faru a 2017 ke nan da cutar WannaCry, wadda ta kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila, ta bi ta wata kafa a injinan da ba a sabunta ba. Shagon Alhaji ya fi naka haɗari nesa, domin filashar kowa da kowa ake cusa masa daga safe zuwa dare.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Ni tawa ba ta Windows ɗin kansa ba ce, ta sakaci ce, amma har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Na kai laftof wani shago aka sa mini 11 sabo fil. Wajen saitawa yana neman intanet da asusun Microsoft, yaron shagon ya ce in kawo imel, na ce ban tuna kalmar sirri ba, ya ce ba komai, ya buɗe wani a take. Ban rubuta ba, ban ma tambayi sunan ba. Ni dai na ga kwamfuta ta tashi na biya na tafi.

Bayan wata huɗu ta daina caji, aka ce sai an canza allon cikinta. Aka canza, aka kunna, sai ga shuɗin allo yana neman lambobi 48 na BitLocker, tsarin Windows da ke kulle fayilolin cikin kwamfuta. Ashe duk abin da ke ciki a kulle yake, makullin kuma yana cikin wancan asusun da ban san sunansa ba. Na koma shagon, yaron ya bar aiki, maigidan ya ce bai san zancen ba. Furojet ɗina babi na ɗaya zuwa na huɗu yana ciki. Wallahi a bakin shagon na zauna na yi kuka. Abin da ya cece ni, na taɓa tura wa malamina babi uku ta imel, na huɗun ne na sake rubutawa daga takardun hannu, mako biyu ba barcin kirki.

Yanzu lambobin nan 48 suna rubuce a bangon littafina, hotonsu kuma yana wayar Yayata. Don Allah duk wanda za a sa wa 11, ya yi da asusunsa na kansa, a gabansa.

Mai Shagon Buga Takardu:
Subhanallahi. Sannu ƙanwata, Allah ya kiyaye gaba. Wannan ko a mafarki ban san da shi ba.

Ɗan Kutse:
Nawa zubi na 6 ne, ba ya cikin jerin, amma na sa masa 11 ta Rufus, manhajar da ke haɗa filashar saitawa, tana da wurin da za ka cire sharaɗin TPM. Ya hau, yana aiki, shekara guda ke nan. Sai dai in faɗi gaskiya biyu. Ta farko, Microsoft ya faɗa a fili cewa injin da bai cika sharaɗi ba ba a yi masa alƙawarin sabuntawa. Na wata-wata suna zuwa mini, amma babban na shekara bai zo da kansa ba, sai da na sake saukowa na ɗora da hannu. Ni ina jin daɗin irin wannan wasan. Wanda ke da layin kwastoma a ƙofa ba zai ji ba.

Ta biyu, da farko kwamfutar ta yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin siminti. Ram giga 4 ne da tsohon faifai mai juyawa. Giga 4 ɗin da aka rubuta na ya tashi ne kawai, ba na ka buɗe Chrome da CorelDRAW tare ba. Da na sa SSD, wato sabon faifai mai sauri da ba ya juyawa, na ƙara ram zuwa 8, sai ta zama wata daban. Daga baya na gane saurin da nake yaba wa 11 na SSD ne. Da a Windows 10 na sa shi, haka zan gani.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Ban ga wanda ya ambaci hanyar tsakiya ba. Akwai shirin ESU na Microsoft da ke ci gaba da ba Windows 10 gyaran tsaro har 13 ga Oktoban 2026. Ga mai amfanin kansa, ko ka biya dala 30, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka shiga da asusunka ka yarda a ajiye saitunanka a can, ka samu kyauta. Ni ta ukun na bi. Sharaɗi dai Windows 10 ɗinka ya kasance 22H2. Na kamfanoni daban ne, dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma yana ninkawa duk shekara. Ba magani ba ne, jinkiri ne, amma ya ba ni lokacin tara kuɗin wata laftof ba tare da na ci bashi ba.

Sannan batun data. Fayil ɗin Windows 11 ya haura giga 5. Mai kwamfuta huɗu kada ya bar kowace ta sauko da nata. Sauko sau ɗaya, ka sa a filasha mai giga 8, ka zagaya da ita. Kuma ta tebur kada ka fara sai da inbata ko janareta a kusa. Maƙwabcina wuta ta ɗauke masa ana tsakiyar aiki, sai da aka goge komai.

Mai Linux:
Tsofaffin nawa biyu Linux Mint na sa musu a madadin Windows, kyauta, ba ruwansa da TPM, kuma sun fi da sauri. Don shiga intanet da cike fom ba su da matsala. Amma ba zan yaudare ka ba Alhaji, CorelDRAW ba shi da na Linux, kuma takardar Word mai tebura da yawa in ka buɗe a LibreOffice, madadin Word a can, wani lokaci layuka kan goce. Ɗalibi ya kawo furojet shafi 80 ya ga lambobin shafi sun motsa, kai zai tsare da faɗa.

Malamar Sakandare:
Na manta ban faɗa ba: in ta hanyar sabuntawa ka hau, ba gogewa aka yi ba, kana da kwana 10 ka koma Windows 10 in sabon bai yi maka ba. Bayan nan tsohon yana gogewa. Don haka a kwanakin nan ka gwada komai, har sikanar da ba ka cika amfani da ita ba.

Mai Shagon Buga Takardu:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Ga inda aka kwana. Jiya bayan la'asar na sa PC Health Check a duka huɗun. Laftof ta wuce kai tsaye. Ɗaya ta tebur ta ce babu TPM, na bi maganar Injiniya na shiga BIOS, ga PTT nan a kashe, na kunna ta wuce. Sauran biyun zubi na 4 ne, ba zancen su.

Laftof na fara da ita daren jiya, bayan na kwashe fayilolin kwastomomi a faifan waje, kuma da imel ɗina na shiga, ƙanwata ta ji. Babbar firinta ta buga lafiya. Ƙaramar sikana ce har yanzu ba ta gani, ina ta neman dirayba kafin kwana goman su cika. Ta teburin ba zan taɓa ta ba sai an gama rububin rajistar jarrabawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Tsofaffin biyu ɗaya zan cire mata intanet ta zama ta taifin zalla, ɗayar kuma Mai Linux, in kana Kano, zan so ka leƙo ranar Asabar mu gwada naka a kanta, in ga yadda za ta yi da fom ɗin da muke cikewa.

Baba Ɗan Fansho:
Imel ɗin dai na mayar waya. Amma Windows 7 yana nan daram.