Bayin sadaki ko bayin gado: muhawara kan wasiyyar George Washington

Baban Hafsa: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Jiya a majalisarmu wani abokina ya tsaya yana yabon George Washington, shugaban Amurka na farko, wai shi ne dattijon da ya 'yanta bayinsa duka, da na ce ba haka ba ne sai aka yi mini caa, har aka ce ƙiyayyar Amurka ce take cin zuciyata. To ga abin da yake a rubuce. A shekarar 1799 da ya rasu, akwai bayi 317 a gandunsa na Mount Vernon da ke jihar Virginia. Nasa na kansa 123 ne, su kaɗai wasiyyarsa ta shafa, su ma sai bayan ran matarsa Martha, in ban da baransa William Lee wanda ya samu 'yanci nan take. Mutum 153 bayin sadaki ne na Martha, sauran kuma na haya. Da Martha ta rasu a 1802, sai aka raba bayin sadakin nan tsakanin jikokinta huɗu kamar yadda ake raba garke, alhali da yawansu sun yi aure da waɗanda aka 'yanta. Miji ya zama ɗa, matarsa tana nan baiwa, 'ya'yansu kuma sun bi uwa. Ina so a gaya mini, wannan wasiyya 'yantarwa ce ko wanke suna?

Malam Na-Zaure: Wa alaikumus salam. Baban Hafsa, kafin mu je ko'ina ka janye kalmar sadaki. Sadaki shi ne abin da miji yake ba mace saboda ɗaurin aure, kuma da zarar ya shiga hannunta ya zama mallakinta. Waɗannan bayi ba Washington ne ya ba ta su ba, kuma ba don aure aka ba ta su ba. Daga dukiyar mijinta na farko suka fito, Daniel Parke Custis, wanda ya rasu a 1757 bai bar wasiyya ba. Abin da mace ta samu saboda mutuwar miji gado ne.

Baban Hafsa: Allah gafarta Malam, ba ni na ƙirƙiro ba. Kalmar da Turawa suke kiran wannan kaso da ita, ita ce dai wadda masu fassara littattafan fiƙihu zuwa Turanci suke fassara sadaki da ita. Amma tambayata ba a kan suna take ba.

Malam Na-Zaure: Kuskuren Bature ba ya zama hujja a kan Bahaushe.

Lauyan Tudun Wada: Da Malam da Baban Hafsa duk kun kauce, sai dai Malam ya fi kusa. A dokar Virginia ta wancan zamani, wadda suka gado daga Ingila, matar mamaci tana samun sulusin ƙasa da bayi ne don ta ci moriyarsu iyakar rayuwarta kawai, ba ta da ikon sayarwa, ko kyautarwa, ko 'yantawa, kuma ranar da ta mutu sai dukiyar ta koma ga magadan mijin. Da ta auri Washington a 1759, shi ya riƙa juya wannan kaso yana cin amfanin aikinsu, amma wuyan bayin yana hannun zuriyar Custis. Saboda haka ba sadaki ba ne, kuma ba gado ba ne irin wanda muka sani. Ni da zan fassara, riƙo zan ce.

Ɗan Zazzau: Ranka ya daɗe Lauya, riƙo ai na maraya ne ko na sarauta. Mu a wajenmu abin da matar mamaci take samu sunansa tumuni, kuma kowace tsohuwa ta san shi.

Malam Na-Zaure: Tumuni ɗaya bisa takwas ne idan mamaci ya bar ɗa, rubu'i idan bai bari ba, kuma mallaka ce cikakkiya wadda mace za ta iya sayarwa gobe da safe. Ta yaya sulusi zai zama tumuni? Wannan shi ne illar shiga ilmin gado ba tare da an durƙusa gaban malami ba.

Ɗan Zazzau: Malam, ba a Kano kaɗai ake durƙusawa ba. Tun kafin a haifi wasu ake raba gado a Zariya.

Mazaunin Amurka: 'Yan'uwa, ni na je Mount Vernon da ƙafata, na ga ɗakunan bayin da maƙabartarsu, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Ku yi wa mutumin nan adalci. Yana ɗan shekara 11 mahaifinsa ya rasu a 1743 ya bar masa bayi goma, wato a cikin abin ya buɗe ido. Doka ba ta ba shi ikon 'yanta bayin Custis ba, kuma shi da kansa ya rubuta a wasiyyar cewa auratayyar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ce ta sa ya jinkirta, ya kuma umarci a ci gaba da ciyar da tsofaffi da marasa ƙarfi daga dukiyarsa. Ku gwada shi da Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, wanda ya mutu da bashi a 1826, aka yi gwanjon bayinsa 130 a shekarar da ta biyo.

Baban Hafsa: Wanda yake cin abincin gida ba ya ganin laifin maigida. Ka manta ka faɗa mana cewa gidan da filin ɗan ɗan'uwansa Bushrod Washington ne ya gaje su, kuma a 1821 ya sayar da bayi 54 aka kora su Louisiana, alhali shi ne shugaban ƙungiyar da take kwasar baƙaƙen fata 'yantattu zuwa gaɓar da ta zama Laberiya.

Mazaunin Amurka: Ina zaune a nan da halalina, ban ci abincin kowa ba. Ka janye wannan magana.

Maman Sadiƙ: Yayyena, kuna ta jan kalma kun bar mutanen. Akwai wata yarinya Ona Judge, tana cikin wannan kaso da kuka kasa raɗa wa suna, ita ce mai yi wa Martha hidima. A 1796 ta ji cewa za a ba da ita ga jikar Martha, sai ta gudu daga Philadelphia zuwa New Hampshire, kuma Washington ya sa aka bi sawunta don a dawo da ita. Har ta rasu a 1848 doka tana lissafa ta a cikin dukiyar Custis. Ita Martha kuwa ba ta jira mutuwarta ba, ta saki bayin mijinta ranar 1 ga Janairun 1801, domin zama a tsakiyar mutanen da 'yancinsu yake rataye da ranka ba zaman kwanciyar hankali ba ne.

Ɗan Zazzau: Hajiya, kin yi gaskiya. Amma ni akwai wata kalma da ta tsaya mini tun farko. Baban Hafsa ya ce gandu. Gandu gonar gida ce da uba da 'ya'yansa suke nomawa tare. Inda aka tara bayi suna noma wa ubangida sunansa rinji.

Malam Na-Zaure: A Zazzau ke nan. A Kano gandun sarki bayi ne suke noma shi, ka je Fanisau ka tambaya. Kuma tunda an zo nan, kada wani ya haɗa abin da aka yi a Amurka da namu. Tun 1662 dokar Virginia ta ce ɗa yana bin uwarsa ko da ubangidan ne ya haife shi, sai mutum ya bar ɗan cikinsa a cikin kayan gado. A shari'a kuwa ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, yana gadon ubansa daidai da ɗan matar aure, uwarsa kuma tana 'yantuwa ranar da ubangidan ya rasu.

Lauyan Tudun Wada: Wannan haka yake, Malam, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Idan bawa ya auri baiwa, 'ya'yansu na mai baiwar ne a nan ma, su ne cucanawa, kuma ana raba su a gado tare da gona da dabbobi. Murgu, wato kuɗin da bawa yake biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa, da fansa ƙofofin 'yanci ne, amma ba kowa ya samu fita ta cikinsu ba. Sai a 1901 Gwamna Lugga ya shelanta cewa duk wanda aka haifa daga lokacin ɗa ne, bautar kanta kuma ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Malam Na-Zaure: Kakata ta ba ni labari cewa bayin gidansu tare ake cin tuwo da su a akushi ɗaya.

Maman Sadiƙ: Allah gafarta Malam, kakar taka ce ta ba da labarin, ba su ba.

Ɗan Zazzau: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa a kan rinji ba.

Mai kula da zaure: To, jama'a, dare ya yi, bari in tattara. An tabbatar cewa kalmar sadaki kuskure ce, kamar yadda malaminmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya bayyana tun farko da hujjoji, kuma babu wanda ya iya ture maganarsa. An fahimci cewa shari'armu ta fi dokar Virginia tausayi a babin gado. Maganar tumuni da ta rinji ba su da tushe. Lauya ya kawo wasu bayanai na boko waɗanda suke buƙatar bincike. Muna roƙon Baban Hafsa ya ba ɗan'uwanmu na Amurka haƙuri, kuma nan gaba ya tuntuɓi malamai kafin ya yi fassara.

Baban Hafsa: Na ba shi haƙuri, kuma na janye sadaki, a sa duk sunan da aka ga dama. Tambayata ita ce ko wasiyyar da ta saki miji ta bar matarsa da 'ya'yansa a cikin rabon jikoki ta cancanci yabon da ake yi mata, kuma ban gan ta a cikin abin da ka tattara ba.

Ɗan Zazzau: Wane ne ya ce maganar rinji ba ta da tushe?